Injin Da Aka Koya Wa Kuskure

Yayana mai walda ne, amma in kana son zaman lafiya ka kira shi Injiniya. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana gyaran injuna a wani kamfanin saƙa kafin a rufe shi, kuma tun daga ranar babu ƙarfen da ya tsira a gidanmu. Keken ɗinkina ya ara na kwana biyu, teburin kawai ya dawo mini da shi. Bayan kalanda da takardar buhun siminti duk ya cika su da zane da lambobin da shi kaɗai yake ganewa.

Duk wannan ɓarnar saboda Inna ce, mahaifiyarmu. Shekara arba'in tana zaune gaban masaƙarta ta hannu a ƙarƙashin rumfa, tana jefa zare dama da hagu, kuma da saƙar nan ta raine mu. Yanzu kafaɗarta ta dama ta fara yi mata gardama. Mai shagon da ke sayen kayanta, wata mata mai tabarau a kan hanci, ta ce in ba za a riƙa kai mata zane goma a wata ba, za ta nemi wata masaƙiyar. Inna kuwa da ƙyar take gama huɗu. Mun sani sarai, ranar da aka raba ta da saƙa, zama za ta yi ta zuba wa bango ido.

Yaya ya ce a bar masa. Injinsa na farko cinye zaren ya yi ƙurmus. Na biyu ya yi saƙa, amma ƙararsa ta sa kajin maƙwabta suka daina ƙwai, har aka zo mana ƙorafi. Na uku, a gaskiya, ko ni da nake jin haushinsa sai da na tafa. Bai fi teburin guga girma ba, da sarƙar keke da feda biyu, ƙafa kawai yake buƙata. Zanen ya fito sumul, gefensa a miƙe ƙyam.

Ya goge rigarsa, ya kai shago da kansa, ni ina biye da shi. Matar ta ɗaga zanen a hasken taga, ta taɓe baki.

"Wannan ai na kamfani ne. Ni saƙar hannu nake saya."

Ya yi bayani har bakinsa ya bushe: auduga ɗaya, zare ɗaya, tsohuwa ɗaya. Sai ta ɗauko saƙin Inna ta nuna masa inda ya matse, inda ya saki, da gefen da ya ɗan karkace. Ta ce masu motocin da ke zuwa shagonta wannan suke shafawa suna lumshe ido, kuma shi suke biya.

Mutumin da yake auna ƙyauren bayan gida sau uku kafin ya ɗora, yau an ce masa laifinsa ya iya aiki. Ranar ko abinci bai taɓa ba. Washegari ya ɗauki zanen da Inna ta saƙa na ƙarshe, ya shige shagonsa na walda da tef ɗin awo da fensir. Mako biyu yana ƙirga zare, har ya gano cewa kusan duk layi na sha bakwai, ɓangaren dama yakan ɗan saki. Ya ɗauki zarto ya lalata haƙorin giyar injin da ya yi wata guda yana daidaitawa. Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Maƙwabta suka tambaye shi me yake yi, ya ce ingantawa.

Mai shago ta karɓi sabon zanen hannu bibbiyu. Har lacca ta yi masa, wai yanzu ya gani da idonsa, babu injin da zai iya kwaikwayon hannun tsohuwa. Yaya ya ce haka ne, ya haɗiye sauran.

Inna ce ba a gaya wa komai ba. Da ta hau injin ta yi kamu biyu, sai ta tsaya ta shafa zanen, ta kira Yaya ta ce abin nan nasa ya lalace, ya zo ya gyara, ita ba za ta fitar da aikin banza da sunanta ba. Ni kuma da shegen bakina na ce ai daga saƙinta ya kwafa, layi bayan layi.

Ba ta yi faɗa ba. Ta aike ni ɗaki in buɗe akwatinta in ɗauko wani zane da ta saƙa tun ina goye. Muka shimfiɗa shi kusa da sabon. Tsohon sumul yake, gefensa a miƙe, babu inda ya saki. Da an kai wa mai tabarau, da ta ce na kamfani ne.

Inna ta daɗe tana kallon su biyun, hannunta na hagu a kan kafaɗarta ta dama.

"Ashe ciwona suke saya," in ji ta.

Yaya ya sunkuyar da kai. Ita kuma ta gyara zama, ta ɗora ƙafa a kan feda, ta ce a miƙo mata zare, saura zane tara a watan.