Watandar Kamfanoni

Shekarar da gyaɗar gayaunata ta yi albarka, na rasa inda zan sa kaina don murna. 'Yar gona ce Baba ya yanka mini daga gandu, abin da ta bayar nawa ne. Na sayar da gyaɗar a kasuwar Ɗanbatta, kuma tun a motar dawowa na san abin da zan yi da kuɗin.

Wani abokin aikina a firamaren da nake koyarwa ya jima yana nuna mini wani abu a wayarsa, wai shi ETF. Asusu ne da ke sayen hannun jarin kamfanoni da yawa ya haɗe su, sannan a rarraba shi ƙanana ana sayarwa a kasuwar hannun jari. In ka sayi guda, ka samu ɗan rabo a kowane kamfani, ranar da ka so kuma ka sayar da abinka. Abin ya shiga raina, har matata ta ce in ta ƙara jin haruffan nan uku a bakina, ranar ba ni ba tuwo.

Saura Baba. A gidanmu ko tunkiya ba a saye sai ya sa albarka, ni kuma ba na son dukiyar da babu albarkarsa. Na same shi a zaure na zuba masa bayani kamar rediyo. Ya bari na gama ya ce, "Caca ce." Bai manta maƙwabcinmu ba, wanda wasu suka yi wa alkawarin ninka masa kuɗi ta waya, suka ɓace da su. Na fita raina a ɓace, har ina cin tuntuɓe da buta.

Jajibirin ƙaramar Sallah aka yi watanda, wato magidanta su haɗa kuɗi su sayi saniya a yanka a raba. Baba ne mai raba naman tun ina yaro. Ina tsaye ina kallonsa yana bi kashi-kashi: nan tsoka, nan hanta, nan tumbi, nan ƙashi, babu wanda ya tsallake. Sai dabara ta faɗo mini. Na durƙusa kusa da shi, har gwiwata a cikin jini.

"Baba, wallahi wannan ne! Abin da na gaya muku watanda ce. Ba ni da ƙarfin saniya, kashi ɗaya zan saya, kuma akwai komai a ciki."

Bai ɗago ba. "Saniyar halal ce?"

"Akwai asusun da malamai ke tantancewa. Ba kamfanin giya, ba mai cin kuɗin ruwa."

"Wa ke riƙe da wuƙa?"

"Masu lasisi ne, hukuma na sa musu ido. Suna cire ɗan ladansu."

"In saniyar ta rame fa?"

Na so in ce ba za ta rame ba, amma Baba ba a yi masa haka. Na ce, "Kashin kowa ya ragu, har da nawa. Babu wanda ya yi mini alkawarin komai."

Sai a nan ya ɗago. Ya ɗauki wani ƙashi ya jefa a kashin gidanmu. "To, yanzu ka yi magana. Duk wanda ya ce zai ba ka tsoka zalla ba ƙashi, ɓarawo ne. Allah ya sa albarka."

Na kai naman gida kusan da gudu, ina gaida mutanen da na riga na gaisar.

Bayan Sallah ya aika a kira ni. Na same shi a zaure, ya miƙo mini wani ƙullin tsumma, kuɗin bunsurun da ya sayar.

"Na mene ne, Baba?"

"Ina ka taɓa ganin mutum ya yi watanda shi kaɗai? A sa mini kashina kusa da naka."