Ranar da Inna ta kira sunan Yaya

Ni mutum ne da abu ke isowa a makare. Idan aka yi mana rasuwa, sai an share makoki nake fara jin ta, wani lokaci ma ba ta isowa sam. Ina jin shi ya sa aikin tafinta ya karɓe ni a ƴan kwanakin da na yi shi. Magana ta shigo ta kunne da Faransanci, ta fita ta baki da Hausa, ba ta tsaya ko gaishe ni a hanya ba.

A lokacin ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, a Magariya, inda ake ce wa malami mushe da Faransanci, muna cikin bakans, wato dogon hutu, gero ya fara fitar da kai. Sai mutanen wani gidan tele na Yamai suka sauka a garin da motocinsu katkat, suna neman mawaƙa don wata gasa. Suna bukatar mai jin Faransanci da ba shi da abin yi, aka nuna musu ni.

Da farko na ɗauka su suka ƙago gasar. Shugaban tawagar ne ya gyara mini, muna shan shayi a inuwar itacen bedi. Bahaushe ne ɗan Damagaram, aiki ya kai shi Yamai ya bar shi can da tumbi da hawan jini. Ya ce sayo ta aka yi daga waje.

"Ba fim aka sayar mana ba, mushe. Yadda ake yi aka sayar mana."

Launin kujeru, yawan alƙalai, wanda zai zama mai baƙar magana a cikinsu, inda mai kamara zai tsaya, kiɗan da za a saka idan mutum ya haye da wanda za a saka idan ya faɗi, duk yana cikin cinikin. Ya ce akwai wata kasuwa a ƙasar Nasara da mutanen tele ke haɗuwa suna saye da sayar da irin wannan. Na tuna kasuwar Mallawa. Can dai idan ka sayi rago, da igiyarsa kake jawo shi gida. Nan kuwa igiyar aka sayar maka, ragon sai ka nemo da kanka.

Masu gasar na waje ba su yarda da kowa ba, don haka suka haɗo tawagar da wata mata da kowa ke kira Madam. Ƴar wata ƙasa ce ta bakin teku, ta yi wannan gasa a ƙasashe da dama, aikinta kawai ta ga ba a canza komai ba. Ba muguwa ba ce. Gajiyayya ce, ƙafafunta sun kumbura da zafinmu, kullum da gorar ruwa a hannu. Saboda ita aka ɗauke ni.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, ya girme ni nesa ba kusa ba. Yana ƙauyenmu wajen Waca da gonarsa da ƴan shanunsa. Mu ba gidan roƙo ba ne, bai taɓa yi wa kowa waƙa don a ba shi ba. A gayya yake yi, da bakin rijiya idan yana shayar da shanu, kuma idan ya ɗaga murya har matan da ke daka kan sassauta taɓarya. Ban gaya masa zancen gasar ba, don ban yi tunanin ya shafe shi ba. A rediyo ya ji. Sai ganinsa na yi ya sauko daga moto, wato babur, da rigarsa ta Juma'a, ya bi layi bayan samari masu tabarau.

Ya yi waƙarsa ta noma, babu kiɗa, hannuwansa a baya. Madam ta ajiye gorarta. Alƙalan suka ce ya haye.

Daga nan aka zo kan sharaɗin. Duk wanda ya haye, sai an je gidansu an ɗauki hoton da za a nuna kafin ya hau dandamali a Yamai. Uwa ko uba ya dube shi, ya kira sunansa, ya ce yana alfahari da shi, ya rungume shi. A wurin ne ake saka kiɗan tausayi, kuma ba a barin wurin babu komai. Wanda ba shi da wannan hoto ba ya tafiya.

Shugaban tawagar ya dube ni. "Ɗan fari ne?"

"Ɗan fari ne."

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. Shi da kansa ya yi wa Madam bayani, ban ma sa baki ba, kuma ta saurara da gaske. Ta tambaya ko mahaifinmu na da rai, aka ce ya rasu. Na ce akwai matar Yaya. Ta ce sun riga sun sami matan aure da yawa a wasu garuruwan. Abin da masu gasar suka ce a kawo musu bana shi ne uwa ta karkara, don da shi za su je waccan kasuwar su nuna cewa gasarsu tana ci ko'ina, har inda babu kwalta. Ta faɗi haka tana duban ƙafafunta.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Ga kunyar ɗan fari, ga shi kuma sunan surukinta ya ci. Wancan take ce masa. Idan ta dama fura, ta kwashe mai kaurin ta ce, "Ku kai wa wancan," ko da yana zaune a gabanta. Shekarar da zazzaɓi ya kusa tafiya da shi, ba ta shiga ɗakin ba ko sau ɗaya. A bakin ƙofa ta zauna ta ba ƙofar baya, kuma ba ta tashi daga nan ba sai ranar da ya nemi abinci. Mu ƙannensa ta kira sunayenmu har sun gaji, da zagi da komai. Duk gidan mun san wane ne nata.

Da za mu koma ƙauye, Yaya ya goya ni a moto. Mun yi nisa, sai wajen wani kwari ya rage gudu.

"Mushe." Haka yake ce mini idan yana tsokana, amma ranar ba tsokana a muryarsa. "Kada ka roƙe ta. Ka faɗa mata kawai."

"Kana so ka je, Yaya?"

"Ina so."

Tun da nake ban taɓa jin ya ce yana son wani abu ba, ko nama a kasuwa.

Na sami Inna tana tsinkar yakuwa. Na faɗa mata kamar yadda nake faɗa wa yara ranar jarrabawa, ban ƙara ba ban rage ba. Hannunta bai tsaya ba.

"In ban yi ba fa?"

"Ba zai je ba."

"Shi ya ce yana so?"

"Shi ya ce."

Ta gama reshen da ke hannunta, ta ɗauki wani. Sannan ta ce, "Su zo da hantsi, kafin rana ta yi zafi."

Suka zo. Kafin a fara sai da aka gyara gidan. Aka kwashe robobin wanka da bokitai aka kai bayan ɗaki, wai ba su yi kama da ƙauye ba. Aka aro ƙorai daga maƙwabta aka jera. Aka matso da turmi inda ba a taɓa daka ba. Mai sauti ya zo zai maƙala wa Inna ɗan mikoro na ɗaukar murya a mayafi, ta karɓa ta maƙala da kanta. Matan unguwa suka cika bayan danga, suna leƙe ta tsakanin karan.

Aka tsayar da Yaya a gabanta, kusa sosai, kusan da ban taɓa ganinsu ba. Madam ta yi magana, ni kuma na mayar. Ki dube shi cikin ido. Ki kira sunansa. Ki ce kina alfahari da shi. Ki rungume shi.

Inna ta ɗaga kai. Sai da ta ɗaga sosai, don ya fi ta tsawo da yawa, kuma ina jin ranar ta fara sanin haka. Ta kira sunan. Muryar ta fito ƙarama, kamar zanen da ya daɗe a ƙasan adaka. Bayan danga wata gwaggonmu ta juya ta bar wurin. Yaya ya sunkuyar da kai.

Mai sauti ya ɗaga hannu. Jaki ya yi kuka a gidan maƙwabta, ya shiga cikin maganar. A sake.

Na ce, "Inna, wai a sake."

Ta sake. Wannan karon moto ya wuce. Na gaba kuma ta kawar da ido da wuri. Sai gajimare ya rufe rana, aka jira ya wuce, suna tsaye a wurin su biyu ba mai duban wani. Aka sake. Yaya ya manta ya sunkuya, aka ce ya ɗaga kai, aka sake. Ban ƙirga ba. Na dai san a ƙarshe tana faɗin sunan yadda ake kiran mai tallan kanwa, da ƙarfi, a fili, babu gargada. Shi ne wanda mai sauti ya ce ya yi kyau.

Rungumar ce ta gagara. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa ta bar shi nan, Madam ta duba ƙaramin gilashin da take ganin hoton a ciki ta ce ya isa. Ta zo ta durƙusa ta gode wa Inna, na mayar da godiyar. Inna ta cire mikoron ta miƙa, ta shiga ɗaki ta fito musu da fura.

Ni ban ji komai ba. Ina tuna cewa ƙishirwa nake ji, kuma takalmina ɗaya ya fara ɓallewa, ina ta tunanin inda zan kai shi ɗinki. Na jira abin ya iso da yamma bai iso ba, washegari ma haka.

Yaya ya tafi Yamai. Waƙa ɗaya ya yi. Alƙalin nan mai baƙar magana ya faɗi abin da aka ɗauke shi ya faɗa, aka saka kiɗan faɗuwa, aka sa shi a mota. Ya dawo da hula da riga mai tambarin gasar, daidai lokacin girbi. Bai yi ƙorafi ba. Ya ce ya ga kogi.

Abin da ya canza a gida yake. Inna ta daina kiransa da komai, ba sunan, ba wancan. Idan ya shigo ta ƙofar gaba, sai ta tuna tana da aiki a baya. Furarsa tana zuwa, mai kaurin kamar kullum, amma babu saƙo tare da ita. Shi ma ya koma cin abinci a zaure. Matan unguwa ba wadda ta taɓa tayar da zancen, kamar sun haɗa baki sun manta, amma hakan bai gyara komai ba.

Wata rana muna ɗaurin dami a gonarsa na tambaye shi abin da ya ji. Ya ja igiyar ya taka damin da gwiwa.

"Na farkon har ƙafafuna na ji shi," ya ce. "Na ƙarshen kuwa, sai na ji kamar wani take kira."

Bayan an koma lakwal da daɗewa, shugaban tawagar ya turo mini wani ɗan fim a waya. Shi ne tallan da masu gasar suka kai kasuwarsu. Ya ce ya yi musu amfani, wata ƙasa ma ta saya. Uwaye ne iri-iri, fari da baƙi, kowacce da irin tufafinta, suna rungumar ƴaƴansu ɗaya bayan ɗaya. Can tsakiya ga Inna, da ƙoran aro a bayanta. Bakinta ya motsa, amma kiɗan tausayin nan ne ke tafiya a kai. Na tambaye shi ko a tele an ji muryarta. Ya ce a tele ma haka aka nuna, a wurin nan kiɗa ne ke magana, haka tsarin yake.

Ranar Juma'a na je gida. Yaya na gefen tsakar gida yana tufkar igiya, don a zaure an shanya wake. Inna na bakin murhu, ta ba shi baya. Na miƙa mata wayar. Ta riƙe ta nesa da ido yadda tsofaffi ke yi, ta kalli uwayen nan suna wucewa.

"Wannan ni ce?"

"Ke ce, Inna."

"Mayar da shi baya."

Na mayar. Ta kara wayar a kunne, sannan ta sake duba.

"Ban ji na ce komai ba."

"Kiɗan ne ya rufe. Tare da gasar aka sayo shi, ba a cire shi."

"A can Yamai ma?"

"Ko'ina."

"Ba wanda ya ji ke nan."

"Ba wanda ya ji."

Ta daɗe tana duban bakin nata yana motsi. Sannan ta miƙo mini wayar, ta goge hannunta a zane, ta buɗe kwanon da ke gefen murhu ta rufe.

"Ka ce da wancan tuwonsa na hucewa."

Yana nan zaune, in ya miƙa hannu zai taɓa bakin zanenta. Na juya na faɗa masa duk da haka, tunda aikina ne.

Ya ce, "Na ji."

Ya ajiye igiyar ya tashi ya ɗauki buta. Ya tsuguna a gindin danga ya ba mu baya, ruwan ya ƙare, bai tashi ba.