Kawu Deo da Man da Ba a Haƙo Ba

Deodat Sookraj, wanda duk ƙauyenmu ke kira Kawu Deo, a cikin ƙarnin kifi aka haife shi, kuma har gobe bai yafe wa iyayensa wannan ba. Ubansa masunci ne a nan gaɓar Corentyne, kakansa mai saran rake. Shi kuwa tun yana yawo ba wando yake gaya wa mutane cewa kuskure aka yi aka sauke shi a Guyana, don New York aka nufa da shi. Makaranta bai daɗe ba, wai malamin ne ba ya gane shi. Ofishin bizar Amurka kuwa ya yi zarya har mai gadi ya san sunan matarsa, amma ko sau ɗaya ba su yi kuskuren buga masa hatimi ba.

Da duniya ta ƙi buɗe masa ƙofa sai ya koma ruwa, kamar kowa. Ya auri Anti Drupattie, wadda muke kira Anti Dru, mai teburin kifi a kasuwa, mace mai haƙuri da wuƙa mai kaifi. Yayanta Jairam shi ne mai jirgi mafi kyau a bakin ƙofar ruwanmu, inda jirage ke fita teku, kuma shi ya taimaka wa Kawu Deo ya mallaki ɗan kwale-kwalensa da injin da sai an lallashe shi yake tashi. Ba laifi, yana kamo kifin bangamary daidai na rufin asiri. Abin da ya fi kamowa dai shi ne labari. Kifin da ya kuɓuce masa kullum ya fi jirgin tsawo.

Sai zancen man fetur ya cika ƙasa. An samu can arewa a cikin teku, kowa ya haukace. Wani kamfanin ƙasashen waje ya karɓi lasisin wani fili a teku, daidai inda mutanenmu ke zuba taru. Suka kawo wani ƙaton jirgi mai jan igiyoyi a bayansa, tsawonsu ya fi daga nan zuwa kasuwa, yana tafiya a hankali yana buga ƙara cikin ruwa, wai yana sauraron abin da duwatsun ƙasa za su amsa. Igiyoyin nan ba sa shiri da taru. Don haka kamfani ya nemi mutum ɗaya ɗan gari, wanda ya san masunta da sunayensu, ya hau ƙaramin jirgin rakiya yana roƙonsu su kauce.

Roƙo aka ce. Kawu Deo bai ji wannan kalmar ba.

Aka ba shi kayan aiki ruwan lemo, da hular kwano, da takalmi mai ƙarfe a baki, da oba-oba. A makon ya sayar da kwale-kwalensa, ya ce hannun da ke riƙe oba-oba ba ya taɓa ƙayar kifi. Da hular kwanon yake zuwa biki, da ita yake cin gurasar roti da miyar waken dal. Ranar da aka kafa tutocin addu'a a gidan maƙwabcinsa, sai da malamin addini ya roƙe shi ya cire ta.

A teku kuwa abin ba a magana. Zai tsaya a goshin jirgin rakiya da lasifika, tumbi a gaba, yana kiran mutanen da suka yi wasan ƙasa tare: "Kai mai koren jirgin nan, ka matsa daga ruwan kamfani!"

"Deo, ni ne fa, Lennox! Uwata ce ta yi wa uwarka wankan jego!"

"Ban san wani Lennox ba a bakin aiki. Matsa!"

Wata rana tarun Jairam ya biyo igiyar ruwa ya doshi hanyar babban jirgin. Ana iya jira ya janye, don ma'aikatan jirgin rakiyar da kansu sun ce a ba shi lokaci. Kawu Deo ya zaro wuƙa ya datse tarun surukinsa, yana kallonsa ido cikin ido, ya kuma sara masa irin ta soja. Kamfani ya biya tarun daga baya. Sarawar ce ba wanda ya biya. Daga ranar Jairam bai sake taka gidan ƙanwarsa ba.

Da jirgin ya gama sintirinsa ya tafi, kamfani ya bar Kawu Deo a matsayin wakilinsu na ƙauye, suna ɗan jefa masa na cefane, su kuma masana suna can suna nazarin abin da suka jiyo. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Aikinsa shi ne zama a shagon giyar rake da oba-oba a kan tebur, wadda ba ta kama kowa sai shuuu, yana rarraba muƙamai. Ya yi wa mai shagon alkawarin kwangilar ciyar da ma'aikata. Wanzami ya samu shugabancin sashen tsaro. Ni kaina an naɗa ni direban babban manaja, alhali ko keke sai na jingina da katanga nake hawa.

Rannan aka tara mu a ƙarƙashin ginin makaranta, wanda ke kan dirkoki. Kamfani ya turo wata mata 'yar Georgetown babban birni, Miss Alleyne, masaniyar duwatsu, da taswira mai launi-launi. Ta yi bayani dalla-dalla, ba ɓoye-ɓoye. Ta ce sun duba, sun sake dubawa. Akwai alamar iskar gas kaɗan, amma tana da zurfi, dutsen kuma ba mai riƙe abu ba ne, haƙa rijiya ɗaya zai ci abin da ba za a mayar ba. Wa'adin lasisinsu ya zo ƙarshe, ko su haƙa ko su saki, sun zaɓi su saki. Sun mayar wa gwamnati filin. Ta gode wa masunta, ta gode wa Mista Sookraj, ta ce ya riƙe kayan aikin kyauta.

Masunta suka yi tafi, don ruwansu ya dawo. Muka juya mu ga yadda Kawu Deo zai faɗi sumamme. Ina! Mutumin nan murmushi yake, har yana kashe wa Miss Alleyne ido ɗaya. Baiwar Allah ta ɗauka ƙwaro ne ya faɗa masa a ido.

A shago ya warware mana. "Ku yara ne," in ji shi. "Lennox, ranar da ka faɗa kan garken kifin gilbaka a bakin kogi, da ka dawo me ka ce mana?"

Lennox ya sosa ƙeya. "Na ce ba komai a wurin."

"Ka ce ba komai, ka ce asarar mai ka yi, har da tsaki! Ubana haka yake yi, uban kowa haka yake yi. Akwai masuncin da ya taɓa samun wuri mai kifi ya dawo ya yi shela? Wanda ya ce ya cika jirgi, ƙarya yake, bai kama komai ba. Wanda ya ɓata rai ya ce wurin banza ne, to bi shi da asuba. Yanzu mutanen nan sun zo har da taswira suna rantsuwa ba komai. Har da taswira fa! Man da ke ƙarƙashin nan ya isa a yi wanka da shi."

"To Kawu, ai sun mayar da filin."

"Ka taɓa ganin an bar alama a kan wuri mai kyau? Cire tutar ake yi, don kada wani ya gani. Za su dawo a ɓoye, kuma wa za su nema?" Ya bugi ƙirji har hular ta karkace.

Maganar gaskiya, rabin shagon sun gyaɗa kai, don duk wanda ke wurin ya taɓa yin wannan ƙaryar, wasu ma a ranar suka yi ta.

Na cefanen kamfani ya tsaya. Gidan ya koma kan teburin Anti Dru kaɗai, ga kifi ya yi wuya. Ba mai jirgin da zai ɗauki Kawu Deo ko a kyauta, kowa na tuna lasifikar nan. Ana haka sai babban mataimakin Jairam ya samu takardun Kanada ya tafi, wuri ya buɗe a jirgi mafi kyau a gaɓar. Samari suka yi ta kai gaisuwa. Anti Dru ta ɗauki ƙafa ta je gidan yayanta, ta yi kuka, ta tuna masa mahaifiyarsu, har ya sauko. Ran nan sai ga Jairam a ƙofar gidansu, ya ƙi zama, ya ƙi karɓar ruwa.

"Deo, don ƙanwata na zo, ba don kai ba. An gama gyaran jirgi. Ranar da ruwa ya cika za mu fita. In kana bakin ƙofar ruwa da kayanka, wurin naka ne. In ba ka nan, na ba wani, kuma kada a sake aiko mini kowa."

Kawu Deo yana kwance a ragar lilo, ko tashi bai yi ba. "Yaya Jairam, na gode da tunani. Amma ka san matsayina. In kamfani suka kira suka ji ina can ina jan taru, da wane ido zan kalle su? Kai dai ka yi haƙuri, in an fara haƙa zan sa a ba jirginka jigilar kayan miya."

Jairam ya dubi ƙanwarsa. "Kin ji ko? Kayan miya."

"Yaya, rabu da shi, rana ce ta dafa masa kai a cikin kwanon nan. Zai zo. Ko a buhu ne zan kawo shi."

Da Jairam ya tafi ta juyo kansa. "Kai Deo, kai wane irin mutum ne? Matar nan ta faɗa da bakinta, a gaban kowa, babu!"

"Shi ya sa na ce akwai."

"To da ta ce akwai fa?"

"Da sai in san babu."

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya haɗa aurenmu," in ji ta, ta koma kan kifinta, tana sara kamar shi ne a kan katakon.

Ana gobe ruwa zai cika, ya goge takalmi ya hau motar Georgetown, wai zai je ya nuna musu ya gano wasan, a daina ɓoye masa. Direban motar ne ya ba mu labarin, don shi ya raka shi har ƙofa. Sun tarar an sauke allon kamfanin, wasu 'yan China na shigar da tayil da kwanon banɗaki. Mai gadi na zaune a kan kujerar da ta rage. Kawu Deo ya matsa kusa da shi, ya rage murya, ya ce shi na ciki ne, a gaya masa inda aka koma.

Mai gadin ya dube shi daga hula har takalmi. "Baba, wane ciki? An sayar da tebura, an sayar da na'urar sanyaya ɗaki, har tukunyar fulawa ta ado an sayar. Baturensu mai gemu da ke karanta taswira yana can wata ƙasa a Afirka. Miss Alleyne tana koyarwa a jami'a. Ni ma ƙarshen wata zan tafi. In tayil kake so, shiga."

Direban ya ce tukunyar fulawar ce ta karya shi. Ya tsaya yana maimaitawa, har tukunyar fulawa, har tukunyar fulawa. A duk ƙaryar da ya sani ta masunta, ba wanda ya taɓa sayar da jirginsa don ya ɓoye wurin kifi. Shi kaɗai ne ya taɓa sayar da jirgi a kan zancen nan.

Direban a birni zai kwana, motar ƙarshe mai komawa kuma ta riga ta cika, sai ta washegari ya samu, ita ma ta yi faci a hanya. Da ya iso bakin ƙofar ruwa yana gudu, takalman ƙarfen nan na nutsewa a laka, ruwa ya fara janyewa. Jirgin Jairam ya yi nisa, sai ɗan hayaƙin inji. A wurin da aka ajiye masa, ɗan Lennox ne zaune yana naɗe igiya. Anti Dru na tsaye a kan katangar teku da jakar da ta haɗa masa tun asuba, roti da soyayyen kifi da tsohuwar rigar ruwansa. Jairam ya jira, an ce har ya kashe inji ya sake tayarwa, don ita.

Ya ɗaga hannu yana ihu, "Yaya Jairam! Yaya!" Ba wanda ya waiwayo. Mu da ke zaune a kan katangar muka taya shi kira, don mugunta.

Anti Dru ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Ta buɗe jakar, ta raba mana rotin ɗaya bayan ɗaya yana kallo, ta miƙa masa jakar ba komai.

"Gobe da asuba ka same ni a kasuwa," ta ce. "Yarinyar da ke kankare mini ɓawon kifi ta yi aure."

"Dru, ni? A gaban mutane?"

"A gaban mutane. Ka zo da wuƙarka, na ji an ce tana da kaifi."

Can yake har yau, a bayan teburinta, a kan ɗan benci, ɓawon kifi har gira. Hannunsa na da sauri, ba a raina masa. Jairam kan kawo wa ƙanwarsa kifi ya ajiye a gabansa ya wuce. In ka je saye kada ka yi ciniki da shi, ba a ba shi izinin faɗin farashi ba.