Rantsuwar Baba da ɗamarar jirgi

Shekarar da muka je Makka ni da mahaifina, Faransa ce ke riƙe da ƙasa tukuna. Daga ƙauyenmu kusa da Bande muka hau kamiyon gyaɗa zuwa Kano, don can jirgin alhazai yake tashi.

Baba yana da rantsuwa a kansa. Zamanin aikin dole, dogaran kwamandan Faransa sun ɗaure shi da igiya a ƙugu, shi da wasu a jere, suka kora su aikin hanya. Ran da ya dawo ya dafa Alƙur'ani ya ce igiyar Nasara ba za ta ƙara zagaya cikinsa ba.

Mun zauna a jirgi ke nan, sai ga ma'aikaci, wani Bakano mai farar riga, yana bi yana ɗaura wa kowa ɗamara. Ya iso kan Baba.

"Baba, ɗaga hannu."

"Ɗauke abinka, ɗan nan. Ni ba ragon kasuwa ba ne."

"Kowa sai ya ɗaura. Har Baturen da ke tuƙi."

"Shi ya jiyo."

Na yi lallashi har bakina ya bushe. Ma'aikacin ya kira Baturen, shi kuwa ya dubi agogo, ya nuna ƙofa. Aka sauko da mu da butocinmu, jirgi ya tashi muna kallo. Wakilin alhazai ya ce saura jirgi ɗaya bana, bayan la'asar, wanda ya rasa shi sai baɗi. Baba ya tsufa ƙwarai, baɗi ba a hannunsa take ba.

A gindin tsamiya wani malamin Magarya da ya zo rakiya ya ji labarinmu. Ya ce wa Baba, "Malam, ai rantsuwa tana da kaffara. Ciyar da miskinai goma, ka tafi ɗakin Allah."

Baba ya dube ni. "To me kake jira?"

Na saye tukunyar wata mai tuwo gaba ɗaya. Na samo makafi uku, kutare biyu, da masu yankan ciyawa huɗu. Tara. Rana ta karkata, na duba ko'ina babu na goma. Sai mai tuwon ta ce, "Ni fa? Mijina ya rasu, tukunyar ma aro ce." Malamin ya yi dariya ya ce ta zauna ta ci. Baba da kansa ya zuba musu ruwan wanke hannu.

Ma'aikacin nan muka sake tararwa a bakin tsani, ashe bai bi jirgin safe ba. Ya biyo mu har kujera.

"Baba, an shirya?"

"Da Allah na shirya, ba da kai ba. Nuna mini yadda ake kwancewa tukuna."

Ya nuna masa. Baba ya ɗaura, ya kwance, ya ɗaura, ya kwance, yana murmushi. A na uku ya bar ta a ɗaure, ya ce, "To, gaya wa Baturen naka mu tafi."