Tuwon da Inna ta rufe

Ranar da wani darakta ya kira ni daga Kano ya ce yana son mayar da littafina fim, sai da na taka rawa a tsakar gida, kaji suka watse. Ba suna nake nema ba. Inna ba ta yi boko ba, duk littattafan da na rubuta ko layi ɗaya ba ta sani ba. Fim kuwa za ta gani da idonta.

Na zauna na rubuta labarin fim ɗin, na tura masa ina ta jin kaina. Washegari ya kira.

"Hajiya, wurin nan da uwar ke jiran ɗanta ya dawo daga ramin zinari, duk tunani ne. Kyamara ba ta shiga zuci."

Raina ya ɓaci, don wurin nan shi ne ran labarin. Ya ce ko in nuna tsoron uwar da abin da ido zai gani, ko a cire shi.

Na tafi Gummi wurin Inna da haushina. Ran kasuwar Anka ƙanena ya fita da babur, har la'asar sakaliya shiru, wayarsa ba ta shiga. Inna ta rufe tuwonsa da faifai, ta je ƙofa, ta dawo ta ɗaga faifan, ta leƙa, ta mayar. Can ta sake. Yana sallama na ruga ɗaki neman biro, ko sannu da zuwa ban yi masa ba.

Da fim ya fito, na ɗora waya a kan turmi, maƙwabta suka cika gidan. Ni fuskar Inna kawai nake kallo. Uwar cikin fim ta ɗaga faifai, ta mayar, ta sake ɗagawa.

"Ke baiwar Allah, bari buɗe shi, hucewa za shi yi!" in ji Inna.

Mata suka kwashe da dariya, ita ba ta yi ba. Ta share ido da bakin zane, ta juyo gare ni.

"Wagga mata ba ta magana. Mi taka cewa cikin ranta?"

"Yana cikin littafin, Inna."

"To ɗauko shi, ki karanta min."