Ranar da Aka Ce Mu Yafe wa Kawu

Ranar jana'izar Kawu, mata sun cika tsakar gidanmu na Agege har bakin famfo. Ba ɗan'uwanmu ba ne, dillalin shanu ne a Oko-Oba da ya kama ɗaki a gidan, mu yara muke ce masa Kawu. Ina 'yar shekara takwas ni ake aika ɗakinsa. Abin da ya riƙa yi mini shekara uku cur, har zuwa ranar ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Yanzu da ya rasu na haura talatin, amma in zan shiga danfo, bas ɗin haya, sai kujerar bakin ƙofa, in babu in jira wata. Mijina, bawan Allah, ya koyi gyaran murya kafin ya taɓa kafaɗata, tun ranar da ya zo ta bayana na kwaɗa masa muciya. 'Yata kuwa ba na aikenta ɗakin kowa, ko da na liman ne. Maƙwabta suna cewa girman kai ne. Su yi ta faɗa, bakinsu ne.

Kafin a ɗauki gawa, ƙanen Kawu ya tsaya daga zaure ya ɗaga murya kamar yadda aka saba: "Jama'a, duk wanda mamaci ya yi wa laifi, don Allah ya yafe masa."

Mata suka amsa, "Mun yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Ni bakina ya ƙi buɗuwa. Inna, mahaifiyata, ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ke, ba ki ji ba ne? Mutumin da kullum sai ya sayo miki burodi!"

Na ce, "Inna, wallahi ban yafe ba."

Ta ja ni madafi ta turo ƙofa. A tsaye na faɗa mata komai. Na zaci mari zan sha, ko ta ce sharri nake wa mamaci. Sai ta sulale ta zauna a ƙasa, tsohuwa da ciwon gwiwa.

"Innalillahi," ta ce. "Yanzun nan da bakina na yafe masa." Ta ɗago ta dube ni. "To ni fa? Ni za ki yafe mini?"

Ina son Inna kamar raina, amma wannan ma na kasa amsawa. Na dai zauna kusa da ita muna kuka, muna jin ana fita da makara.