Karatun da Yaya Ya Ajiye

Yayana malamin firamare ne a unguwar Soron Ɗinki kafin ciwon ido ya tafi da ganinsa. Bai zauna ba. Ya koyi amfani da waya mai karanta rubutu da murya, har ya zama shi ke karanto mana labarai a zaure bayan la'asar. Da hannunsa ya faɗa, sai ya shiga karatun digiri daga gida, irin wanda makaranta ke ɗora darussa a shafinta na intanet.

Ranar da ya sauke darasin farko ina gefensa. Ya shafa fuskar wayar, ta ce, "Hoto." Ya sake shafawa, ta maimaita. Na karɓa na duba. Takardu ne aka ɗauki hotonsu aka ɗora, wasu a karkace, wata ma har da yatsan wanda ya riƙe ta. Mai ido zai karanta. Wayar kuwa ba ta ga harafi ko ɗaya ba.

Na raka shi makarantar. Ma'aikacin da muka samu ya ba shi kujera, ya saurare shi.

Yaya ya ce, "Ba sabon abu nake nema ba. Yadda aka buga a kwamfuta, a ɗora shi haka."

Mutumin ya ce, "Malam, malaman ne ba sa so a kwafe musu aiki. Babu mai karanta maka a gida?"

Ni na zama mai karantawar. Ina tasowa daga rumfarmu ta kasuwar Kurmi a gajiye, in zauna ina jan shafi ina laluben kalmomin da suka dushe. Turancina bai kai ba. In na yi tuntuɓe ya gyara mini, wani lokaci cikin faɗa, daga baya ya ba ni haƙuri. Haƙurin ya fi faɗan yi mini ciwo.

Mun koma ofishin, aka ce za a duba. Jarrabawa ta zo ba mu kai rabin darussan ba.

Wata safiya na ɗauko wayar zan fara, ya ce, "Bar shi, tafi kasuwa." Bai sake ta da maganar ba. Yanzu in tsofaffin ɗalibansa suka tambayi karatu, sai ya ce musu an yi hutu.